Ba Kowace Sarƙewar Numfashi Ce Gargara Ba

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya sanya numfashi baiwa, yana shiga yana fita dare da rana ba tare da an biya ko anini ba, har mutum ya mance da shi sai ranar da ya yi masa gardama.

Bayan haka, magana ce a kan wani abu da ke aukuwa kowace shekara, musamman idan hunturu ya kama hazo ya sauka, a zaurukan makarantun allo da rumfunan kasuwa da cikin gidaje. Mutum yana zaune lafiya lau, sai numfashi ya sarƙe masa. Ya dafe ƙirji, ya zazzaro ido, gumi ya karyo masa ko da ana tsananin sanyi. Nan da nan jama'a su yi masa zobe. Wani ya kwantar da shi rigingine, wani ya ɗebo ruwa ya ɗura masa, wata ta kawo kasko da turare. Sa'an nan wani dattijo ya leƙa, ya girgiza kai ya ce, "Ai wannan gargara ce, sai addu'a." Da faɗin wannan kalma sai jikin kowa ya yi sanyi. Ba mai tunanin mota, ba mai tunanin waya. Sau da yawa kuwa ba gargara ba ce, ciwo ne wanda ke da magani in an kai ga maganin cikin lokaci.

Ajali na Allah ne, babu mai jayayya da wannan. Amma hukunta cewa ajalin wane ya zo ba aikin ido ba ne. Malami ba ya ba da fatawa a kan mas'alar da bai bincika ba, ɗan kasuwa kuma ba ya yi wa buhu kuɗi sai ya zura hannu ya ga hatsin. Haka nan ƙirjin mutum yana da masu bincikensa, watau ma'aikatan agajin gaggawa waɗanda ke zuwa da motar asibiti, da malaman asibitin da ke karɓar marar lafiya a bakin ƙofa. Ya kamata malamai da 'yan kasuwa su san abin da waɗannan mutane ke yi da dalilin yinsa, domin a kira su da wuri, in sun zo kuma a ba su hanya.

Dalilin gaggawar shi ne wannan. Mutum yana iya makonni ba abinci, yana iya kwanaki ba ruwa, amma ba ya iya mintoci ba iska. Cikin iskar da ake shaƙa, kashi 21 cikin 100 ita ce ake kira oksijin, ita ce kuma abincin jini. Ibnun Nafis, likitan nan na Dimashƙa wanda ya rasu a Alƙahira a shekarar 1288, ya bayyana cewa jini yana fita daga ɓangaren dama na zuciya ya bi ta huhu, ya haɗu da iska, sa'an nan ya komo ɓangaren hagu. Idan wannan haɗuwa ta yanke, ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6. Salla tana da lokacin zaɓi da lokacin larura, wanda duka biyun suka kuɓuce masa kuma yana ramawa. Numfashi kuwa ba shi da ramuwa.

A ɗauki misalin wani mai sayar da hatsi a kasuwar Dawanau ta Kano, dattijo mai ciwon asma, wanda ƙurar dawa da hazon hunturu suka tayar masa da ciwon. An yi waya, ma'aikata biyu sun iso. Abu na farko da za su yi shi ne su kori taron baya, gama mutum ashirin a bakin rumfa sun tare iska da haske, sun kuma ƙara wa marar lafiya firgita. Tun daga nesa babbansu yana karanta jikin mutumin kamar yadda gardi ke karanta allo. Yana zaune ne ya dafa gwiwoyi ya miƙa wuya gaba? Kafofin hancinsa suna buɗewa? Naman wuyansa da tsakanin haƙarƙarinsa yana lotsawa in ya ja iska? Waɗannan duka alamu ne cewa jiki ya kira dukan ƙarfinsa don numfashi kaɗai.

Sa'an nan ya durƙusa gabansa ya ce, "Sannu Baba. Yaya sunanka? Tun yaushe ya taso maka?" Wanda bai sani ba sai ya ce wannan ɓata lokaci ne, alhali kuwa awo ne. In dattijon ya amsa da magana cikakkiya, hanyar iska a buɗe take, kuma akwai sauran ƙarfi. In ba ya iya faɗin kome sai kalma ɗaya ɗaya yana hutawa tsakaninsu, abin ya yi tsanani. In kuwa ya fara sambatu, ko barci ya fara fizgarsa, to, ƙwaƙwalwa ta fara jin yunwar iska, ba hutawa yake yi ba.

Aikinsu yana da tartibi kamar alwala, ba a gabatar da abin da ke baya. Farko hanyar iska, watau baki da maƙogwaro, ko akwai abin da ya toshe su na amai ko jini ko loma. Na biyu numfashin kansa. Na uku gudun jini. Ma'aikacin zai dubi agogo ya ƙirga ɗagawar ƙirji minti guda. Baligi mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. In ƙirgar ta haura 25 ko 30 akwai damuwa, in kuma ta faɗi ƙasa da 10 ga mutumin da ya daɗe yana haki, wannan ya fi muni, domin gajiya ce ta kama shi. Zai buɗe masa baki ya dubi harshe da dasashi da cikin leɓe, gama ga baƙar fata a nan ne ake ganin jini ya sauya launi ya yi toka toka ko shuɗi. Zai kanga abin sauraren ƙirji a gaba da baya, dama da hagu. Fito kamar na sarewa yana nuna ƙananan hanyoyin iska sun tsuke, shi ne halin asma. Ƙara kamar ta tafasar ruwa tana nuna ruwa ko majina a huhu. Ƙirjin da ya yi tsit kuwa, alhali mutum yana fama, shi ne mafi hatsari, domin iskar da ke wucewa ba ta kai ta yi ƙara ba.

Akwai kuma wata 'yar na'ura da ake maƙala wa yatsa, wadda wani injiniya na ƙasar Japan mai suna Takuo Aoyagi ya gano asalinta a farkon shekarun 1970. Tana haska yatsa ta faɗi yawan oksijin da jini ya ɗauka. Mai lafiya yakan nuna 95 zuwa 100. Ƙasa da 90 kuwa lalle ne a ba da iska. Amma ma'aikacin kirki ba ya sallama mata hankalinsa duka, domin yatsan da sanyi ya kama yakan ruɗe ta, kuma wani bincike da aka buga a Amurka a 2020 ya nuna takan faɗi lamba sama da gaskiya ga masu baƙar fata. Saboda haka ido da kunne da agogo suna nan a matsayin shaidu.

Duk wannan bincike bai wuce minti biyu ko uku ba, kuma ɗayan ma'aikacin bai tsaya jira ba. Ya bar dattijon a zaune ya jingina shi, ya kwance masa rawani da wuyan riga, ya sa masa takunkumin roba wanda ke haɗe da tukunyar oksijin. Za su hana a kusanto da wuta ko taba, gama oksijin tana hura wuta. Da yake asma ce, sai a ba shi maganin shaƙa mai suna salbutamol, wanda ke sassauta hanyoyin iska cikin 'yan mintoci, ko dai ta na'urar da ke mai da shi tururi, ko ta 'yar kwalbar feshi da masu asma ke ɗauka a aljihu. Likitocin yara na birnin Kef a Afirka ta Kudu sun nuna a 1999 cewa gorar roba ta rabin lita, in an huda gindinta an sa bakin abin feshin a ciki, tana taimakon yaro ya shaƙi maganin sosai. Daga nan sai a ɗauke shi a zaune zuwa asibiti, ana sake ƙirga numfashinsa a hanya. In ƙarfinsa ya ƙare, akwai jakar roba da ake matsawa da hannu tana tura masa iska, kamar zugazugin maƙeri.

Abin lura a nan shi ne, alama ɗaya ce amma sababai da yawa, kowane kuma da maganinsa. Shi ya sa ma'aikata ke tambaya, shi ya sa kuma ya wajaba a faɗa musu gaskiya. Tsohon da ƙafafunsa suka kumbura, wanda ba ya iya barci sai ya tara matasai, sau da yawa zuciyarsa ce ta gaza har ruwa ya taru a huhu. Kwantar da shi rigingine kamar nutsar da shi ne. Wanda ƙudan zuma ya harba fuskarsa da harshensa suka kumbura, allurar adiranalin a cinya ce ke buɗe masa maƙogwaro. Wanda loma ta shaƙe har ba ya iya tari ko magana, ana sunkuyar da shi a buga masa tafin hannu sau 5 tsakanin kafaɗu, in ba ta fito ba a rungume shi ta baya a danna saman cibiya sau 5, a yi ta maimaitawa. Jariri kuwa ba a danna masa ciki. In an riga an ba marar lafiya jiƙo ko rubutu ko ƙwaya, a faɗa ba tare da jin kunya ba. Ma'aikacin ba alƙali ba ne, so yake ya san abin da ke cikin cikin mutum.

Sha'anin yara ya fi kowane nauyi, kuma ya fi shafar malamai, domin 'ya'yan mutane amana ne a hannunsu. Asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa ciwon huhu, wanda ake kira namoniya, ya kashe yara ƙanana kimanin 162,000 a Nijeriya a shekarar 2018, fiye da kowace ƙasa a duniya. Alamarsa kuwa ba ta bukatar na'ura. A ɗaga rigar yaro lokacin da ya natsu a ƙirga numfashinsa minti guda. Jaririn da bai kai wata 2 ba, sau 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa shekara guda, sau 50. Daga shekara guda zuwa 5, sau 40. In kuma ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki duk sa'ad da ya ja iska, ko ya kasa shan nono, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ba a jira gari ya waye ba. Har wa yau jama'a ba su mance da annobar mashaƙo ba, wadda ta ɓulla a ƙarshen 2022 ta yi tsanani a 2023, Kano ce kuma ta fi jin jiki, yawancin waɗanda ta kama yara ne da ba a yi wa rigakafi ba. Wannan ciwo yana shimfiɗa wata fata mai kauri a maƙogwaro, wuya ya kumbura, numfashi ya riƙa ƙara kamar zarto. Kai irin wannan yaro wurin wanzami a cire masa belu ƙara masa jini ne a hanyar da ta riga ta ƙuntata. Maganinsa yana asibiti, kuma yana yaɗuwa tsakanin yaran da ke kwana wuri ɗaya.

Akwai kuma maƙiyin da ba ya ƙara. A daren hunturu almajirai sukan shigar da kaskon gawayi cikin zaure su toshe ƙofa da taga, mai shago kuma yakan kwana da janareta a kusa da shi don tsoron ɓarayi. Gawayi da janareta suna fitar da wata iska marar launi marar wari, wadda ke kama jini ta hana shi ɗaukar oksijin. Farkonta ciwon kai da jiri da amai, ƙarshenta barcin da ba a farkawa. In an ga mutane da yawa a ɗaki ɗaya sun tashi da ciwon kai, ko sun ƙi tashi, kada a ce iskokai ne ko sammu. A buɗe ƙofa, a fitar da su fili, a kira agaji, a kuma gaya wa ma'aikata akwai gawayi a ɗakin, domin a wannan hali na'urar yatsa takan nuna lafiya alhali jini yana cikin guba.

Sai maganar gargarar kanta, wadda ita ce asalin wannan bayani. Mutumin da ya yanke jiki ya faɗi nan take, ba ya amsa kira, yana jan numfashi jefi jefi da kakari, yawanci zuciyarsa ce ta tsaya a wannan lokaci. Abin da jama'a ke ɗauka ƙarshe, shi ne ma'aikatan agaji ke ɗauka farkon aiki. Sukan kwantar da shi a ƙasa mai tauri, su ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirji su danna da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, bayan kowane dannawa 30 a hura masa iska sau 2. Ba kowa ke dawowa ba, amma akwai masu dawowa, kuma kowane minti na jinkiri yana rage rabonsu. Wannan dabam yake da tsohon da ya daɗe yana jinya har likita ya sanar da iyalinsa cewa magani ya ƙare. Shi wannan a zauna da shi, a laƙƙana masa kalma, a kyautata masa. Rarrabe tsakanin biyun shi ne ilmin da ake roƙon malamai su riƙe. Wanda ya ga ma'aikaci yana danna ƙirjin mahaifinsa kada ya ce ana wulaƙanta gawa, ƙoƙari ake kada ta zama gawa.

To, kafin mota ta iso, mene ne aikin mutanen gida? Mai hankalinsa a bar shi a zaune yadda ya fi jin daɗi, a sassauta masa tufafi, a buɗe taga, a kashe turare da hayaƙi. In yana da abin feshinsa a miƙa masa. Wanda ya suma amma yana numfashi daidai a kwantar da shi a gefensa don kada amai ya koma masa huhu. Kada a ɗura wa mai haki ko wanda ya suma kome, ko ruwa ko rubutu ko man shanu, gama maƙogwaron da ke kokawa da iska ba ya iya tsare ƙofarsa, abin sha sai ya zarce huhu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Addu'a kuwa ba ta bukatar a tsaya, ana yinta a cikin mota kamar yadda ake yinta a zaure.

Abubuwa huɗu ne suka fi jawo jinkiri, dukansu kuma malamai da attajirai suna iya kawar da su. Na ɗaya, jiran izini. Fatake da 'yan kasuwa suna tafiya Legas ko Agadas su bar iyali, yaro ya kama haki da dare, uwa ta zauna tana jiran a sami maigida a waya. Kowane magidanci ya bar izini tsayayye tun kafin ya ɗaura kaya, ya bar kuɗin mota, ya kuma faɗi maƙwabcin da za a buga wa ƙofa. Na biyu, ƙyamar namiji ya duba mace. In akwai ma'aikaciya ita ta fi, in babu kuwa larura tana da hukuncinta, kuma littattafan fiƙihu sun wajabta yanke salla kanta don ceton makahon da ke shirin faɗawa rijiya. Na uku, azumi. Mai asma yakan ƙi shaƙar maganinsa da rana yana jiran magariba, alhali wanda ya ji tsoron halaka an wajabta masa ya sha ya rama. Na huɗu, tsoron kuɗi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba da taimakon gaggawa bisa kowane dalili, ta kuma sa tara ko ɗauri ga wanda ya ƙi. Ya kamata a san wannan, a kuma faɗe shi da ladabi in an kai bakin ƙofa.

Hukuma ma tana da nata kason. An keɓe lamba 112 don kiran gaggawa kyauta, jami'an kiyaye haɗurra na kan hanya suna da 122, kuma a 2022 Gwamnatin Tarayya ta fara wani shiri na motocin agajin gaggawa na ƙasa. Amma motar asibiti wadda tukunyar oksijin ɗinta ba kome ciki, ba kuma ma'aikaci mai horo, motar haya ce da jiniya kawai. Lalle ne masu mulki su lura da cika tukwanen, da horar da mutanen, da kai su ƙauyuka inda tafiyar ta fi nisa. Kafin wannan ya game ko'ina, ba a fafe gora ranar tafiya. Kowace kasuwa tana da sarkinta da ƙungiyarta, ba zai gagare su ba su san asibitin da ke kusa wanda ke da oksijin, su rubuta lambarsa a bango, su sa wa direba ɗaya ko biyu alhakin ɗauka, su kuma tura samari su koyi taimakon farko wurin ƙungiyar Red Cross ko 'yan agaji. Kowace tsangaya kuma ta sami gardi ɗaya wanda ya iya ƙirga numfashi da danna ƙirji. Yaron da ya haddace izu sittin ba zai kasa riƙe lambobi uku ba. Direbobi kuma su tuna cewa mai jiniya ba sarauta yake nunawa ba, wani ne a ciki yake neman iska.

Kalmar malami tana da nauyi a unguwa. In ya leƙa ya ce gargara ce, kowa zai zauna. In ya ce a zaunar da shi, a buɗe taga, a kira mota, ba mai musa masa. Tun da haka ne, malami ya auna kalmarsa kafin ya sake ta, attajiri kuma ya miƙa makullin motarsa kafin a roƙe shi. In an yi iyakar ƙoƙari ajali ya zo, an sauke nauyi, sai haƙuri. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya saka wa masu jinya da masu agaji da alheri, ya sa a gama lafiya. Amin.